Malamar Lissafi Mai Kofuna Shida: Aikin Linda Vollstedt da Filin Ƙwallon Lambu na Dutse

A shekarar 1980, Jami'ar Jihar Arizona da ke garin Tempe a Amurka ta tashi neman wanda zai riƙe mata ƙungiyar 'yan mata ta ƙwallon lambu, wato golf. Ba ta ɗauko wata shahararriyar 'yar wasa da ta gaji da cin kofuna ba. Malamar lissafi ta ɗauko daga makarantar sakandare ta Alhambra da ke birnin Phoenix, wata mai suna Linda Vollstedt. Shekara goma wannan baiwar Allah ta yi tana shan ƙurar alli a aji da safe, da yamma kuma ta kwashi 'yan matan makarantar zuwa fili ta koya musu riƙon sanda. A jami'ar da ta ɗauke ta ɗin ta yi karatu, a can kuma ta yi wasan tana ɗaliba, saboda haka gida ta koma.

Ta riƙe ƙungiyar shekara 21, har zuwa 2001. A tsakanin nan ta ɗauko kofin ƙasa na hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, har sau shida: 1990, 1993, 1994, 1995, 1997 da 1998. Kofi shida ke nan cikin shekara tara. Ƙungiyarta ce ta fara cin wannan kofi sau uku a jere, kuma sai bayan shekara goma sha biyu Jami'ar Duke, ƙarƙashin Dan Brooks, ta kammala irin wannan jeri, daga 2005 zuwa 2007.

Masu ba da labarinta sukan tsaya a nan, su jera shekarun su tafa. Ni kuwa shekarun da ba a jerawa sun fi ɗaukar hankalina. Daga 1980 zuwa 1989 ba ta ɗauko kofin ƙasa ko sau ɗaya ba. Tana da 'yan wasa na gani na faɗa, domin a 1985 ɗalibarta Danielle Ammaccapane ta zama zakarar ƙasa a ɓangaren ɗaiɗaiku, amma kofin ƙungiya ya ƙi zuwa. Jami'ar ba ta sallame ta ba, ita ma ba ta tattara komatsanta ta koma aji ba. A wurinmu, kocin da ya yi kaka biyu bai kawo kofi ba ya san sauran.

Lissafin da ke cikin wasan

Wanda bai saba da ƙwallon lambu ba yakan ɗauka wasan mutum ɗaya ne, kuma a asali haka yake. Fili yana da rami 18. Kowane rami akwai inda ake tsayawa a yi bugun farko, sai a bi ƙwallo ana bugu har ta faɗa cikin wani ɗan rami da faɗin bakinsa bai wuce santimita 11 ba. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanda har 14 a jakarsa, kowacce da aikinta: wata ta jifa mai nisa, wata ta ɗaga ƙwallo sama ta tsallake yashi ko ruwa, wata kuma ta gangara ƙwallo a hankali idan an iso bakin rami. A yawancin filaye, bugu 72 shi ne ma'aunin da ake sa ran gwani ya gama da shi. Zagaye ɗaya kan ci sa'a huɗu zuwa biyar, ana tafe a ƙasa.

Jami'o'in Amurka sun mayar da wannan wasan kaɗaici ya zama na ƙungiya da wata dabara mai sauƙi. Kowace makaranta tana fito da 'yan wasa biyar, a kowace rana a ɗauki sakamakon huɗu da suka fi kyau, a jefar da na biyar. A ce yau 'yan mata sun dawo da 72, 74, 75, 77 da 83. Sai a zubar da 83, a tara sauran, ƙungiya ta tashi da 298. Gobe wadda ta yi 83 ɗin tana iya yin 73, wadda ta yi 72 kuma rana ta ɓace mata. A zamanin Vollstedt kwana huɗu ake yi ana wannan tarawa a gasar ƙasa, watau sakamako 16 ke shiga lissafi.

Duba abin da hakan ya haifar a 1993. Jami'ar Jihar Arizona ta tashi da bugu 1,187, Jami'ar Texas ta tashi da 1,189. Bugu biyu kacal, cikin kusan dubu da ɗari biyu. A 1997 ma haka: 1,178 da 1,180, wannan karon Jami'ar San Jose ce ta sha kaye. Bugu biyu a kwana huɗu shi ne ƙwallon da ta leƙa rami ta ƙi faɗawa ranar farko da hantsi, lokacin da babu mai kallo, da wata da yarinya ta huɗu a ƙungiya ta haƙura ta fito da ita gefe daga ƙarƙashin bishiya maimakon ta yi gangancin ratsa rassa. Babu wata tauraruwa ɗaya da za ta iya ɗauke wa ƙungiya wannan nauyi. Mai horarwar da ta zuba dukkan hankalinta kan gwanarta ta ɗaya, ta manta da ta huɗu da ta biyar, ta faɗi tun ba a fita fili ba. Ina ganin a nan shekarun aji suka yi wa Vollstedt rana, domin malamin da ya san aikinsa ya san cewa sakamakon aji ba ya hannun yaron da ke zuwa na ɗaya.

Shekarar 1995 kuwa babu wani kusa-kusa. Ƙungiyar ta gama kakar wasa ba a doke ta ba, ta kuma ɗauki kofin ƙasa da bugu 1,155, ta ba ta biyu ratar 26. Raba 1,155 gida 16, za ka samu 72 da 'yan ɗigo: kowace yarinya da sakamakonta ya shiga lissafi, a kowace rana, tana yin wasa daidai ma'aunin gwanaye. A 1998 suka sake tashi da 1,155 ɗin, suka bar Jami'ar Florida a baya da 18.

Abin da koci ke yi in ba a fili take ba

Koyar da bugu shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Yawancin 'yan matan da ke zuwa irin wannan jami'a sun zo da malamansu na bugu tun suna ƙanana, kuma mai horarwa mai hankali ba ta cika taɓa abin da ya riga ya zauna ba. Babban aikin shi ne farauta. Ana bin gasannin yara a lokacin hutu, ana tsayawa a rana ana kallon 'yar shekara 16, ba don a ga yadda take yi in wasa ya yi mata kyau ba, sai don a ga fuskarta bayan ta ɓata rami. Daga nan sai zama da iyaye, a shawo kansu su ba da 'yarsu ta tafi wata jiha ko wata ƙasa. Shekaru da dama doka ta ƙayyade wa kowace ƙungiyar mata tallafin karatu na mutum shida, koci ce ke raba shi, wata ta samu cikakke, wata rabi.

Sai kuma rigimar cikin gida. Ƙungiya tana iya ƙunsar 'yan wasa takwas ko tara, amma biyar ke shiga mota in za a tafi gasa. Kafin kowace tafiya ana yin wasan tantancewa a tsakaninsu, kuma ƙawarki da kuke kwana ɗaki ɗaya ita ce mai neman kujerarki. Riƙe irin wannan gida ba tare da gaba ta shiga ba ya fi koyar da bugu wuya. Ga bibiyar karatu, domin wadda makinta ya faɗi a aji doka ta hana ta wasa, kuma tun farkon shekarun 1990 an taƙaita lokacin atisaye da gasa zuwa sa'a 20 a mako. Ga neman kuɗi wurin tsofaffin ɗalibai da attajiran gari. Ba mamaki da Vollstedt ta ajiye aikin horarwa, sashen nemo wa wasannin jami'ar gudummawa ta koma.

Jerin waɗanda suka bi ta hannunta ya isa shaida. Brandie Burton tana cikin ƙungiyar 1990, daga baya ta ci ɗaya daga manyan gasannin ƙwararrun mata har sau biyu, 1993 da 1998. Emilee Klein ta zama zakarar jami'o'i a 1994, ta ci gasar mata ta Birtaniya a 1996. Wendy Ward ta ci gasar mata marasa albashi ta Amurka a 1994. Kristel Mourgue d'Algue daga Faransa ta zama zakarar jami'o'i a 1995. Grace Park, 'yar Koriya ta Kudu, ta yi haka a 1999, sannan ta ci babbar gasa a 2004. Tun kafin abin ya zama ruwan dare, Tempe ta zama zangon 'yan mata daga Turai da Asiya, kuma hanyar ba ta toshe ba bayan tafiyarta: Anna Nordqvist ta Suwidin da Azahara Muñoz da Carlota Ciganda na Sifaniya duk can suka bi.

Dole a faɗi gaskiya, ba a fili fetal ta fara ba. Jami'ar tana da tarihin wasan mata tun da daɗewa, domin JoAnne Carner ta zama zakarar ɗalibai ta ƙasa a 1960 da sunan makarantar. A 1972 kuma Amurka ta kafa dokar da aka fi sani da Title IX, wadda ta haramta nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Wannan doka ce ta tilasta wa jami'o'i buɗe lalitarsu ga wasannin mata, ba tausayi ba. A 1982 hukumar NCAA ta fara shirya gasar ƙwallon lambu ta mata. A 1989 jami'ar ta buɗe filinta na kanta mai suna Karsten, sunan Karsten Solheim mai kamfanin sandunan PING da ke Phoenix, wanda ya ba da gudummawa mai tsoka. Shekara ɗaya bayan haka kofi ya zo, kuma a wannan shekara ta 1990 ƙungiyar maza, wadda Phil Mickelson ke ciki, ita ma ta ɗauki nata.

Wadda ta fara daga babu ita ce Dale McNamara ta Jami'ar Tulsa a jihar Oklahoma. A 1974 ta karɓi ƙungiyar mata a matsayin aikin sa kai. Ba a jima ba ta jawo Nancy Lopez, 'yar wani mai gyaran jikin mota daga garin Roswell, wadda a 1978 ta ci gasar ƙwararru tara cikin shekara guda, biyar daga ciki a jere. McNamara ta shekara 26 a kan aikin, ta ci kofin ƙasa huɗu, ciki har da na farko da NCAA ta shirya a 1982. A 1988 ƙungiyarta ta sake cin kofin, zakarar ɗaiɗaiku kuma ita ce 'yar cikinta, Melissa.

Labaran biyu sun haɗu daga baya. Melissa ɗin nan, wadda aure ya mayar da ita Melissa Luellen, ita ta karɓi ƙungiyar Arizona a 2002, ta ɗauko kofin ƙasa a 2009. Mataimakiyarta a lokacin ita ce Missy Farr-Kaye, ɗalibar Vollstedt da ke cikin ƙungiyar 1990. Yayar Missy, Heather Farr, ita ma ta yi wasa a ƙarƙashin Vollstedt, ta shiga sahun ƙwararru, sai sankarar mama ta kama ta tana da shekara 24, ta rasu a watan Nuwamba na 1993 tana da 28. Missy ma ta yi fama da irin wannan ciwo, ta tashi. A 2015 ta zama shugabar masu horarwa, a 2017 ta kawo kofi na takwas. Ta ci shi tana 'yar wasa, ta ci tana mataimakiya, ta ci tana shugaba. Filin Karsten kuwa an rufe shi a 2019, jami'a ta ba da wurin don gine-gine, ƙungiyar ta koma filin Papago a Phoenix ta ci gaba da harkarta.

Daga Tempe zuwa Dutse

Mai karatu a Garki ko Ringim yana da damar tambaya: to mu ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, a garin Dutse na Jigawa akwai filin ƙwallon lambu, kuma ba Turawan mulki suka bar mana shi ba, kamar na Rayfield da ke Jos da aka kafa a 1913 zamanin haƙar kuza, ko na Kaduna na 1921. Marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Dakta Nuhu Muhammadu Sanusi, Allah ya jiƙansa, shi ya gina shi. Ya hau gadon sarauta a 1995, ya rasu ranar 31 ga Janairu, 2023, ɗansa Mai Martaba Hameem Nuhu Sanusi ya gaje shi. Marigayin ya yi karatu a Jami'ar Ohio ta Amurka, mutum ne mai son wasan kuma mai son dashen itatuwa, shi ya sa filin nasa ya zama wurin wasa kuma dausayi, ana lissafa shi cikin manyan filayen arewacin Najeriya.

A garin kuma akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha. Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa tun 2013, Kwalejin Ilimi kuma tana Gumel. Dubban 'yan mata ne ke karatu a waɗannan makarantu, ciki har da 'yan Garki da Babura da Taura. Ke nan abubuwa biyu da Tempe ta jira har 1989 kafin ta haɗa su wuri guda, fili da ɗalibai, suna zaune a gari ɗaya a Jigawa. Kada a wayi gari rijiya ta bayar guga ya hana.

Wanda zai ce ai ƙasarmu ta yi zafi ko ta yi fari, bai san Arizona ba. Ruwan saman da ke sauka a Phoenix a shekara bai fi kimanin milimita 200 ba, wanda manomin gero a Garki zai kira shi shekarar yunwa, domin abin da yake samu ya ninka wannan fiye da sau biyu. Da bazara zafin Phoenix yana haura digiri 43. Bambancin shi ne su sun janyo ruwa ta manyan magudanai daga kogin Salt da kogin Colorado, filaye da yawa kuma da ruwan ƙazantar gari da aka tace suke ban ruwa. Mu ba mu da wannan, bai kuma kamata a ɗebi ruwan da mutane ke layi a kansa a shayar da ciyawa ba. Amma filayen arewa sun daɗe da samun mafita. Maimakon shimfiɗar ciyawa a kewayen rami, sai a zuba yashi mai laushi da aka cakuɗa da baƙin mai, a daddale shi. Idan ƙwallo ta sauka a kai, yaro yakan zo da wani faffaɗan abin ja, ya share hanya ɗaya sumul daga ƙwallon zuwa bakin rami, mai wasa ya durƙusa ya duba gangaren ƙasa, ya tura. Da an gama a sake sharewa don na baya. Yashi dai ba a sayensa a ƙasar da sunanta ma jigawa. Lokacin wasa kuma ga hunturu nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an gama girbin gero da riɗi da zoɓo, makarantu suna buɗe, rana ba ta da ƙarfi.

Inda gizo ke saƙa shi ne gida. Wasannin 'yan mata a ƙasar Hausa sukan ƙare da wuri. Yarinya tana gaɗa a dandali, tana carafke, tana tsere ranar wasannin makaranta, da ta fara zama budurwa sai a ce ya isa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: gajeren wando, guje-guje a gaban maza, cakuɗuwa, tafiye-tafiye. Uban da ya ƙi waɗannan ba jahili ba ne, kuma wanda ya zo masa da raini ba zai samu 'yarsa ba. Abin lura shi ne, a cikin wasannin zamani da wuya a samu wanda ya kauce wa waɗannan dalilai kamar ƙwallon lambu. Babu gudu, babu gogayyar jiki, babu ihun 'yan kallo a ka. Ana yin sa da dogon wando da riga mai dogon hannu. Noor Ahmed, Musulma 'yar asalin Masar, ta yi wa Jami'ar Nebraska wasa sanye da hijabinta, a mataki mafi girma na gasannin jami'o'in Amurka. Abin da ake buƙata kawai shi ne mayafin ya zauna daram, kada ya sarƙe hannu lokacin lilo da sanda, kuma wannan aikin tela ne.

Maroko ta isa misali, domin can ma sarauta ce ta riƙe wasan. Sarki Hassan na Biyu ya gina filin Dar Es Salam a Rabat, ana kuma yin gasar mata da sunan Gimbiya Lalla Meryem. Amma 'yan matan da suka fitar da ƙasar kunya sai da suka bi ta hannun masu horarwa na jami'a. Maha Haddioui ta yi wasa a Jami'ar Lynn da ke Florida kafin ta zama Balarabiya ta farko da ta samu gurbi a gasar ƙwararrun mata ta Turai, ta kuma je gasar Olamfik ta 2016 a Rio, shekarar da aka dawo da wasan bayan an rabu da shi tun 1904. Ines Laklalech ta bi ta Jami'ar Wake Forest, a 2022 ta ci gasar mata ta Faransa, karo na farko da wata 'yar Maroko ta ci gasa a wannan mataki. A gida Najeriya muna da Georgia Oboh, wadda ta wakilci ƙasa a Olamfik na matasa a Buenos Aires a 2018, daga baya ta shiga gasar ƙwararrun Turai. Sai dai ita hanyarta ta bi ta Ingila da kulob ɗin Ikoyi na Legas, da ɗawainiyar iyaye masu hali, hanyar da ba kowace yarinya za ta iya bi ba.

Maganar tsada gaskiya ce, ba a kuma rufe ta da daɗin baki. Sanduna daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu, ƙwallo kuma ɓata take yi. A jihar da wasu 'yan mata ke zaune a ƙasa a aji, wanda ya ce a ware wa ƙwallon lambu kaso a kasafin ilimi ya cancanci a yi masa kallon bai san inda ke masa ciwo ba. Ni ma ba zan ce a yi ba. Amma ƙungiyar jami'a mutum biyar ce, ba ɗari biyar ba. Mai koyo ba ya buƙatar sanda 14, biyar ko shida sun ishe shi shekara guda, kuma babu tsohon ɗan wasa a Kano ko Kaduna ko Abuja da ba shi da tsohuwar jaka da ke shan ƙura a bayan ƙofa. Sanannen abu ne cewa yawancin ƙwararrun 'yan wasan Najeriya maza ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne. Yaran ɗaukar jaka ne, waɗanda suka koyi bugu da kallon iyayen gidansu, suna gwadawa da sandar aro in fili ya watse. Wannan ƙofa ta talaka ita ce ba ta buɗe wa 'ya mace a nan ba, don babu uban da zai bar 'yarsa ta yini tana bin wani Alhaji da jaka a kafaɗa, kuma yana da gaskiya. Ƙofar da ta rage mata ita ce makaranta, a ƙarƙashin malama mace da iyaye suka sani suka kuma yarda da ita.

Uban yarinya a Garki, in aka je masa da maganar, ba tarihin Arizona zai tambaya ba. Cewa zai yi, Malama, wa zai kai ta, wa zai dawo da ita, me kuma za ta samu? Daga Garki zuwa Dutse tafiya ce ta fiye da sa'a guda a mota, saboda haka maganar ta fi dacewa da wadda ta riga ta samu gurbin karatu tana zaune a ɗakin kwanan ɗalibai. Amsar tambaya ta uku ita ce mai wuya. A Amurka amsar a bayyane take: karatu kyauta. A nan sai an ƙirƙiro ta, ko da yafe kuɗin makaranta da na ɗaki ne ga 'yan mata biyar, abin da bai fi ƙarfin jami'a ko masarauta ko attajiri ɗaya ba. Wurin gwada ƙwanji kuma akwai, domin ana yin wasan a Bikin Wasanni na Ƙasa, ƙungiyar mata masu ƙwallon lambu ta Najeriya ma tana shirya gasanninta a filaye daban-daban.

Wadda za ta riƙe wannan aiki ba lallai ta kasance gwanar bugu ba. Ana iya samun ƙwararre daga Kano ya riƙa zuwa yana gyara wa yara hannu. Abin da ba a aro shi ne macen da za ta san wace ce ba ta ci abinci ba yau, wace ce ta faɗi jarrabawa, wace ce ake yi wa maganar aure a gida, ta je ta durƙusa ta gaida uwar yarinya, ta roƙi a bari ta ƙarasa zangon karatu. Irin waɗannan malamai suna nan a makarantun 'yan mata na jihar, wasu sun karanta ilimin motsa jiki, wasu lissafi ko kimiyya suke koyarwa. Matsalar tsarinmu ita ce ba ya barin mutum ya daɗe a wuri. Malama tana fara sabawa da yara sai takardar canjin wurin aiki ta iso, ko sabon shugaba ya zo ya soke abin da na baya ya fara. Duk makarantar da za ta gwada wannan abu a Dutse, sai ta rubuta wa malamar a takarda cewa aikin nata ne na shekaru, da ɗan alawus da motar da za ta kai yara fili sau biyu ko uku a mako, sannan ta nemi izinin fada kan ranaku da sa'o'in da za a keɓe wa ɗalibai mata su kaɗai.